An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Binciken Matsalar Inbatocin Sola da Aka Gwama



Muna godiya ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da suka ba mu damar tsayawa a gabanku yau, ko da yake labari ya zo mana cewa waɗansu sun yi gunaguni da suka ga kan maganar a allon sanarwa, suna tambaya me ya haɗa ɗalibin shari'a ko na tarihi da zancen waya da batir. Abin da ya haɗa su shi ne nan da shekara biyu ko uku da yawa daga cikin mazauna wannan zaure za su sami kansu a bayan tebur, a ma'aikata ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, a kawo musu takarda a ce inbatar asibiti kaza ta ƙone, a sa hannu a sayo sabuwa. Muna so kafin ranar ta zo su ji abin da muka gani da idonmu, domin sau da yawa inbatar da ake zargi lafiyarta ƙalau, cutar tana can wani wuri da ba wanda ya duba.

Tun daga 1972 da aka kafa NEPA, zuwa 2005 da aka sake mata suna PHCN, har zuwa Nuwamba 2013 da aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, akwai ƙauyuka masu ɗimbin yawa a ƙasar nan da ko falwaya ɗaya ba a taɓa kafawa a cikinsu ba. Mutanen birni kuwa da suka dogara ga janareta, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sanyaya musu gwiwa, sa'an nan ga duhun watan Oktoba 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar jihohi da dama fiye da mako guda a cikin duhu. Saboda haka birni da ƙauye kowa ya ɗaga kai ya dubi rana. Shi kuwa mai sola, da ya ɗanɗana daɗin wuta sai bukatarsa ta ƙaru. Bana fitila da fanka, baɗi firji, baɗin baɗaɗa famfon rijiyar burtsatse. Inbata ɗaya ta kasa, sai a ce a sayo ta biyu a gwama su. Daga nan labarinmu ya fara.

Bari mu fara share fage ga waɗanda ba fanninsu ba ne. Farantan da ke kan rufi da baturan da ke cikin ɗaki suna ba da wuta mai gudu ta fuska ɗaya, wadda ake yi wa alama da DC. Fanka da firji da famfo kuwa suna bukatar wuta mai kai-da-komo, watau AC, wadda a ƙasar nan aka tsayar da ita a kan bolt 230, tana kaiwa tana komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Aikin inbata shi ne juya ta farkon ta koma ta biyun. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude, inda mata uku suke kewaye turmi ɗaya, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, bi da bi ba a karo. To, haɗa inbatoci uku su ba da wuta mai layi uku kamar lugude ne. Amma gwama su a kan layi ɗaya ya fi haka wuya, gama kamar a ce matan nan uku su kama taɓarya ɗaya ne, su ɗaga tare su sauke tare, sau 50 kowace daƙiƙa, dare da rana. In ɗaya ta yi jinkiri kaɗan, ƙarfin sauran biyun a kan hannunta zai ƙare maimakon a kan hatsi.

Yaya girman wannan "kaɗan" ɗin yake? Zagaye ɗaya na wutar ana kasa shi digiri 360. Idan inbata ɗaya ta yi baya da digiri 5 kacal, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu uku na daƙiƙa ba, bambancin da zai shiga tsakaninta da 'yar'uwarta ya kai bolt 20. In muka ƙaddara turjiyar hanyar da ke tsakaninsu rabin om ce, amfiya 40 ke nan za ta riƙa kewaya daga wannan zuwa waccan ba tare da ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba, alhali inbata mai kilowat 5 iyakar abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce amfiya 22 ba. Wannan shi ya sa ba a gwama inbatocin da masu ƙera su ba su yi su domin haka ba, kuma ba a gwama ta wannan kamfani da ta wancan. Waɗanda aka yi domin gwamawa suna da siririyar wayar sadarwa a tsakaninsu, ɗaya ta zama madugu tana ba da lokaci, sauran suna binta, waɗansu kuma har da wata wayar ta dabam wadda suke raba kaya da ita. Ashe ke nan inbatocin da aka gwama ayari ne, kuma ayari yana iya watsewa alhali kowane raƙumi lafiyarsa lau.

A hutun da ya wuce, mu biyar daga ajinmu muka tafi wani ƙauye mai nisan tafiyar awa biyu daga nan, inda yayar ɗaya daga cikinmu take aikin ungozoma a ƙaramin asibiti. Garin ba shi da wutar gwamnati. An sa musu inbata biyu masu kilowat 5 kowacce, da batura takwas masu ruwa, bolt 12 kowanne, an jera su huɗu-huɗu domin su ba da bolt 48. Bayan shekara guda aka haƙa rijiyar burtsatse, aka kawo tukunyar lantarki ta dafa kayan aiki, aka ja wuta zuwa gidajen ma'aikata, sai aka ƙaro inbata ta uku. Watanni kaɗan bayan haka wuta ta fara ɗaukewa gaba ɗaya, ba ta dawowa sai an kashe komai an sake tayarwa, mai mabuɗin ɗakin kuwa ba a asibitin yake kwana ba. Yayar tamu ta ba mu labarin haihuwa biyu da ta karɓa da fitilar wayar hannu a baki, ɗaya da zubar jini. Allurar da ake tsayar da irin wannan jinin ana ajiye ta ne a firji tsakanin digiri 2 da 8, firjin kuwa yakan yi sa'o'i a kashe. Mai gyaran da ake kira ya sauya allon cikin inbata ta ukun har sau biyu, aka biya, cuta ba ta tafi ba, daga ƙarshe ya rubuta cewa a sayo sabuwa.

Ba za mu ɓoye muku ba, ranar farko mu ma asararta muka yi. Mun iso da zumuɗin 'yan makaranta da kwamfuta a jaka, mun riga mun yanke hukunci tun a mota cewa tunda an sayi ta ukun daga baya, lalle manhajar cikinta ce ta bambanta da ta sauran. Muka yini muna latse-latse, muka tarar lambar manhajar duka ukun ɗaya ce. Da magariba muna zaune jugum a bakin ƙofa, sai maigadin asibitin, wani dattijo, ya ce mana: "Samari, ni dai ban san karatunku ba, amma wutar nan ba ta taɓa ɗaukewa da rana tsaka ba. Sai an yi assalatu na tayar da famfo, matan gidajen can sun ɗora ruwan zafi, sa'an nan za ku ji akwatin can na ƙurya ya yi tsuwa, sauran su bi shi." Muka ce, "Baba, kullum na ƙuryar ne yake fara kuka?" Ya ce kusan kullum. Wata uku ana kai da kawo a kan wannan wuta, ba wanda ya taɓa tambayar mutumin da yake kwana kusa da ita.

Abin da Baba ya koya mana shi ne tambayar farko ga mai binciken irin wannan matsala ita ce, yaushe take faruwa? Matsalar da ta bayyana tun ranar da aka haɗa, inbatocin suka ƙi tashi tare ko sau ɗaya, a nemi dalilinta a wajen saiti, ko bambancin manhaja, ko juya waya mai wuta da ta nutural. Wadda take zuwa sai kaya sun yi nauyi, a neme ta a wayoyin batir da batir ɗin kansa. In tana zuwa da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, a duba fanka da ƙurar hunturun da ta toshe ƙofofin iska, domin inbatar da ta yi zafi rage ƙarfinta take yi, ta jibga wa sauran kayanta. In sai an tayar da janareta, a duba ko wutarsa tana isa ga kowace inbata ta hanya ɗaya, kuma ko gudunsa yana tsaye a kan 50. Wadda ba ta da lokaci kuwa, yau da safe gobe da dare, da kaya ko babu, mafi yawa wayar sadarwa ce. Da mun yi wannan tunani tun a mota da ba mu ɓata yini a kan manhaja ba, gama inbatocin da manhajarsu ta saɓa ba za su yi wata da watanni suna aiki tare ba.

Kafin mu faɗi abin da muka yi washegari, wajibi ne mu ja kunne. Jerin farantan da ke shiga irin waɗannan inbatoci yana iya kaiwa bolt 400 ko fiye, kuma wutar DC in ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta kamar ta gida. Batir mai bolt 48 ba kasafai yake jan mutum ba, amma in sifana ta haɗa bakinsa biyu zai narkar da ita a hannunka. A cire zobe da agogo. A kashe kaya, a kashe faranti, a kashe batir, a dakata aƙalla minti biyar domin cikin inbata yana riƙe wuta bayan an kashe ta, sa'an nan a gwada da mita kafin a taɓa. Wanda bai koyi aikin ba ya tsaya a kan tambaya da rubutu, wannan ma babban aiki ne.

Da gari ya waye muka raba ayarin. Muka cire wayoyin fita, muka mayar da kowace inbata kan saitin aiki ita kaɗai, muka ɗora mata tukunyar dafa kaya da dutsen guga. Ta ɗaya ta ɗauka, ta biyu ta ɗauka. Ta ukun, wadda aka rubuta wa takardar mutuwa, da muka jawo mata gajeriyar waya mai kauri kai tsaye daga batir, ta ɗauki kayan nan awa guda ko tari ba ta yi ba. Wannan gwaji shi ne uwar dukkan gwaje-gwaje a wannan sana'a: a sauya wa wanda ake zargi mazauni. In cuta ta bi inji, injin ne. In ta tsaya a wurin, wurin ne. Ba ya bukatar na'ura mai tsada, sai dai haƙuri da ƙarfin ɗaga ƙarfe.

Daga nan muka mayar da komai yadda muka same shi, muka yi wata 'yar dabara, watau muka mayar da rana dare. Dalilin da ya sa mai gyara bai taɓa ganin matsalar ba shi ne da hantsi yake zuwa, lokacin da kowace inbata take cin abinci daga farantanta, wayar batir tana hutawa. Sai muka kashe birekar farantan duka, muka kunna kaya har kimanin kilowat 9. A gefen fita, mita mai kama waya ta nuna amfiya 13 da 14 da 12, rabon ya yi kusa da daidai, wannan gefen ya fita daga zargi. Muka koma gefen batir. A bakin batir bolt 48.6. A bakin inbata ta ɗaya 48.4, ta biyu 48.2, ta uku 46.7. Kafin mu kunna kayan kuwa, duka huɗun lamba ɗaya suke nunawa. Muna roƙon 'yan'uwa su riƙe wannan: awon waya ba tare da kaya a kanta ba kamar gwada guga ne a kan tudu, ba ka sanin tana yoyo sai ta shiga rijiya.

Ina bolt ɗaya da rabi ya tafi tsakanin ta biyu da ta uku? Da muka buɗe kwaroron da wayoyi suke ciki sai ga amsa. Wanda ya ƙaro ta ukun bai kai wayarta ga batir ba, a bakin ta biyu ya ɗaura ta, ya ja ta mita huɗu zuwa ƙurya da waya mai kaurin milimita 16, alhali na farkon biyu 35 aka sa musu. Lissafin ba wuya. Zuwa da dawowa mita takwas ke nan, kuma wayar jan ƙarfe mai wannan kauri, in amfiya 65 tana bi ta cikinta, tana cinye wajen bolt 0.6. Sauran 0.9 ɗin a wuri ɗaya muka same shi, a kan noti guda. An maƙala bakin wayar ne da bugun guduma maimakon abin matsewa, ya yi sako-sako, ya yi baƙi, robar da ke kewaye da shi ta narke. Bolt 0.9 sau amfiya 65 ya kusa wat 60, watau zafin tsohon ƙwan fitila irin na dā, a tattare a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a ɗakin da batura masu ruwa suke fitar da iska mai kama wuta. Da asuba batir ya riga ya kwana yana aiki, ƙarfinsa ya yi ƙasa. Famfo kuwa a lokacin tashi yana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. A wannan ɗan lokaci inbata ta uku sai ta ga batir ya mutu alhali 'yan'uwanta suna ganin yana da rai, ta yi kuka ta tsaya, sauran su bi ta. Ba ta yi ƙarya ba, abin da ya iso bakinta ta faɗa.

Gyaran bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwar inbata ba. Muka sa sanduna biyu na jan ƙarfe kusa da batir, ɗaya ta fuskar ƙari ɗaya ta fuskar ragi, kowace inbata ta ɗauki wayarta daga nan, kauri ɗaya, tsawo ɗaya, kowacce da birekarta. Wadda take kusa ma sai da muka ba ta tsawon ta nesa muka naɗe saura, abin da ya ba shugaban asibitin haushi, yana ganin ɓarnar waya ce. A nan bari mu ɗan ratse. Mai sayen waya a kasuwa ya tafi da wuƙa ya kankare bakinta, domin akwai wadda cikinta farin gorar ruwa ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama, kuma gorar ruwa kimanin kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe yake ɗauka take iya ɗauka. Araha ba ta ado. Wani abin mamaki kuma, a gefen fita ƙa'idar tsawo ɗaya tana nan, amma kauri fiye da kima ba alheri ba ne. Kamfanin Victron na ƙasar Holan yana gargaɗin masu gwama injinansa kada su cika kaurin wayar AC, saboda 'yar turjiyar da ke cikin waya ita take taimakawa wajen daidaita rabon kaya tsakanin injinan.

Muka tayar da wuta, muka kwana muna murna, asuba ta yi, famfo ya tashi, ko ƙyaftawa fitila ba ta yi ba. Muka fara ɗaure jaka. Da la'asar, rana tana sama, babu wani kaya mai nauyi, sai ɗif. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Amma wannan karon mun yi hankali, muka karanta lambar da ke fuskar injin kafin kowa ya kashe shi, muka ga ba irin ta asuba ba ce, wannan tana cewa mabiya sun daina jin madugu. Muka tuna Baba cewa ya yi "kusan kullum", bai ce kullum ba. Ashe cuta biyu ce a jiki ɗaya, babbar ta rufe ƙaramar. Muka bi wayar sadarwa taƙi bayan taƙi, muka tarar an ɗaure ta tamau a jikin wayar AC, abin da bai kamata ba domin babbar waya tana sa mata hayaniya, kuma a bayan kwaroro ɓera ya gaigaye ta, saura silli biyu ko uku suke riƙe. Iska ta kaɗa ƙofa, ko wani ya jingina tsintsiya, magana ta yanke. Muka sauya ta, muka raba mata hanya, muka sa ta a bututu, muka toshe ramin da siminti.

Yawancin waɗannan injina suna magana da juna ne ta hanyar da ake kira CAN, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986 domin motoci. Ƙa'idarta ita ce a rufe kowane ƙarshen layin da turjiya mai om 120, saboda haka in an kashe wuta aka auna tsakanin wayoyinta biyu a kan injin da ya bi wannan ƙa'ida, om 60 ya kamata a gani. Waɗansu inbatocin suna da ɗan makunni ƙarami domin wannan, kuma mantawa da shi kaɗai ya isa ya hana mutum barci. Lambobin kuka kuwa kowane kamfani da nasa, sai an duba littafin injin. Alal misali, a dangin Axpert na kamfanin Voltronic da ke Taiwan, waɗanda ake sayarwa da sunaye iri-iri, 71 bambancin manhaja ce, 72 matsalar wayar raba kaya, 80 zuwa 82 yankewar sadarwa da ɓacewar madugu da saɓanin lokaci, 83 bambancin awon batir, 86 kuwa saɓanin saitin fita, 60 kuma wuta ce take komowa cikin inji, wadda sau da yawa juya waya mai wuta da nutural ke jawowa. A cikinsu saiti na 28 ne yake faɗin ko inji shi kaɗai yake, ko a gwame, ko a layi na nawa cikin uku, kuma in an tashi lafiya fuskar madugu tana nuna HS, ta mabiya SL. Dubi wannan jeri da kyau, za ka ga kusan dukkansa ƙorafi ne a kan abin da ke tsakanin injina. Abu biyu kuma littafinsu ya hana: haɗa wayar raba kaya tsakanin injinan da ke layi dabam-dabam, da raba jerin faranti ɗaya ga inji biyu. Batir na kowa ne, faranti kuwa kowa da nasa.

Yanzu ga ra'ayinmu, wanda muka san waɗansu masu sana'ar ba za su so shi ba. Ana sayar wa hukumomi gwamammun inbatoci da cewa in ɗaya ta mutu sauran za su riƙe. A irin waɗanda muka gani ba haka abin yake ba, ɗaya ta yi kuka duka suke tsayawa. Gwamawa tana ƙara ƙarfi, amma tana ƙara yawan wuraren da abu zai iya lalacewa. A wuri kamar asibiti, mun fi ganin hikimar a ware ɗakin haihuwa da firjin magani a kan ƙaramar inbata tasu ta kansu, a bar famfo da gidajen ma'aikata a kan manyan, domin butar shayin wani kada ta kashe fitilar mai naƙuda. Haka nan ƙara inbata ba tare da ƙara batir ba yaudarar kai ce. Littafin injinan asibitin nan ya nemi batir mai amfiya-awa 200 ga kowace inbata, watau 600 ga uku, abin da ke ɗakin kuwa 440 ne. Masu batirin litiyam ma ba su tsira ba, domin kowane akwati yana da mai tsaronsa a ciki, da yawa iyakarsu amfiya 100, alhali inbata uku masu kilowat 5 in sun cika kaya suna neman wajen 350. In mai tsaron ya yanke, komai zai mutu lokaci ɗaya, a ɗora wa inbata laifi.

Ga yayyenmu da ke ofis, da mu da za mu bi sahunsu, bukatarmu ba ta da yawa. Kada a karɓi aikin sola da hantsi. A je da yamma, ko a sa a kashe faranti, a kunna dukkan kayan da aka ce zai ɗauka, a sa ɗan kwangila ya auna bakin batir da bakin kowace inbata a gaban mai sa hannu, a rubuta lambobin a jikin takardar. A karɓi zanen yadda aka ja wayoyi, da littafin injin, da jerin saitin da aka yi, a ajiye kwafi a wurin. In kuma takarda ta zo cewa inji ya ƙone, a tambaya ko an gwada shi shi kaɗai a kan wata wayar, kuma wace lamba ya nuna.

Kafin mu baro ƙauyen mun mayar da lokacin tayar da famfo ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da rana take ɗaukar nauyinsa, aka yanka wa ungozoma mabuɗin ɗakin wuta, muka rataye littafi da fensir a bango domin a riƙa rubuta rana da lokaci da lamba duk sa'ad da wuta ta ɗauke. Baba maigadi ne yake riƙe da shi, da ajami yake rubutawa. Mako bakwai ke nan, abu ɗaya ya shiga littafin, ranar da aka yi hadari kwana biyu a jere batir ya ƙare da tsakar dare. Maganar ƙarin batir da ware ɗakin haihuwa mun rubuta ta mun miƙa, tana kan teburin wani a sakatariya, wataƙila ma yana cikin wannan zaure.

Bakin wayar da ya ƙone mun zo da shi, ga shi nan a cikin leda. Malam shugaba, muna neman izini a miƙa shi hannu-hannu kowa ya gani, kafin mu karɓi tambayoyi.